Yadda ake rubuta sanarwar da manomi zai gane

Ma'aikatan furoje a Maraɗi suna da wata Hausa da ba a jin ta a kasuwa. Mutum zai hau rediyo ya ce "za a ƙarfafa ƙarfin masu ruwa da tsaki domin ci gaba mai ɗorewa", ya gama, manomin Tibiri bai san ko taki za a raba ko taro za a yi ba. Yanzu da kundin mulkin ƙasa na Maris 2025 ya mai da Hausa harshen ƙasa a Nijar, gyaran ya zama dole.

Da farko, karanta takardar Faransancin da za ka mayar Hausa har ka fahimce ta, sannan ka kife ta. Muddin idonka na kanta, jimlarta za ka bi. Faɗi abin da ke ciki da baki, kamar kana gaya wa kawunka, ka rubuta abin da ka faɗa.

Sai ka bi kowace jimla da tambaya: wa zai yi, me zai yi, a ina, yaushe? Nan aikin yake. "Za a tallafa wa mata" ba ta ce komai ba. Awaki ne ko bashi? Idan bashi ne, nawa, kuma yaushe za a biya? Sau da yawa za ka tarar mai takardar ma bai sani ba, babbar kalmar rufa masa asiri take yi. Koma ka tambaye shi. Kuɗin kuma faɗe shi yadda ake ƙirga shi a kasuwa, jika goma ko jika hamsin.

Kalmomin aro ba duka ne abin kora ba. Lakwal da mota sun zama ƴan gida. Amma "atiliye" da "sansibilizasiyon" a bar su a ofis, akwai horo, akwai faɗakarwa. Dubi aikin barin kututturen gawo da kalgo su sake tofowa a gona, wanda ya bazu daga yankin Maraɗi tun shekarun 1980. A takarda sunansa dogo ne, manoma kuwa sassaben zamani suke cewa, kuma kowa ya san da me zai fita gona.

Kafin ka kai rediyo, karanta wa mai shayi ko wata dattijuwa a unguwa. Kada ka ce "Inna, kin gane?", don kunya za ta sa ta amsa da i. Ce mata ta maimaita maka. Inda ta yi tuntuɓe, wurin za ka sake rubutawa.