Hangen Dala Ba Shiga Birni Ba: Kurakuran Da Yaranmu Ke Yi Wajen Zaɓen Jami'a

Duk shekara idan lokacin cike fom ɗin JAMB ya zo, gindin darbejiyar ƙofar gidana komawa yake ofis. Ina koyarwa a wata sakandare cikin ƙasar Ringim, kuma da yake ni ne na ɗan taka hanyar, bayan la'asar sai yara su yi ta zuwa da takarda a hannu. Tambayar ba ta sauyawa: "Malam, Kano zan sa ko Dutse?" Wani ya ce Wudil ko Kafin Hausa, mai dogon buri ya ce Zariya. Ni kuma tambayata ɗaya ce: "A ina za ka kwana?" Nan yaro zai yi turus yana sosa ƙeya. Bakina ya gaji da maimaitawa, shi ya sa na ce bari in rubuta, mai ji ya ji.

Bari in fara kawar da ƙarami cikin kurakuran. Yara suna auna jami'a da tsufanta da kaurin sunanta. Gaskiya ne Bayero ta zama cikakkiyar jami'a tun 1977, ta Wudil ta zo a 2001, ta tarayya da ke Dutse a 2011, ta Kafin Hausa a 2013. To, sai me? Ranar bautar ƙasa kaki iri ɗaya za a ba ku. Wanda ya fito da sakamako mai kyau daga sabuwar jami'a ya fi wanda ya fito da ƙyar daga tsohuwa, kuma abin da ke raba su sau da yawa ba ƙwaƙwalwa ba ce, wurin kwana ne da kuɗin mota.

Babban kuskuren, wanda ya ci mini shekara guda cur, shi ne maganar nan ta "ai ina da ɗan'uwa a birni."

A lokacina ina da zaɓi biyu: wata jami'a a ƙaramin gari, da wata a babban birni. Ba zan kama suna ba, don laifin nawa ne ba nasu ba. Birni na zaɓa, ban ko yi shawara da matashin kaina ba. Ina son a ce ɗan wane yana birni, ina son in dawo da sallah ana nuna ni. Da Baba ya tambaye ni masauki, na ce ai akwai Kawu. Kawu kuwa da aka yi masa magana ya ce, "Haba, ɗana ne, ya zo mana." Baba ya sayar da rago da buhun riɗi aka yi rajista. Na tafi da akwatin ƙarfe, da rabin buhun gero na kai wa gidan, da kuka da daddawa da Inna ta ƙulla. Ɗakin kwanan ɗalibai ko nemansa ban yi ba, tunda ga gida kyauta.

Ashe gidan Kawu yana wannan bakin birni, makaranta tana wancan. Mota biyu nake hawa zuwa, biyu dawowa. A shagon samari aka sauke ni, mu shida, kuma ni kaɗai ne mai littafi. Sauran hirar ƙwallo suke yi har tsakar dare. Da safe kafin in fita sai in ji, "Ɗan jami'a, tunda hanyarka ce, ajiye yaran nan a makaranta." Ba hanyata ba ce, amma wanda kake cin tuwonsa ba ka ce masa a'a. Da yamma cefane, ranar Asabar wankin mota. Ba mugunta suka yi mini ba, wallahi, haka zaman gida yake, duk wanda ke ciki sai ya taɓa aiki. Lakcar ƙarfe takwas ta zama sai dai in ji labari. Kuɗin da Baba ke aiko mini na wata, kafin sati uku mota ta cinye, sai in koma taka rabin hanya da ƙafa, in isa aji jiƙe da gumi ina gyangyaɗi.

Ranar da ba na mantawa, wata safiya ce ta damina. An kwana ana ruwa, titi ya cika, abin hawa ya yi wuya, ga gwaji ƙarfe takwas. Na iso da taɓo har gwiwa, na tarar an rufe ƙofa. Ta taga na hango abokaina sun duƙufa suna rubutu. Na tsaya a baranda har aka tashi, ban san me nake jira ba. Wannan kwas da wasu biyu su suka riƙe ni. Da na koma gida na faɗa wa Baba sai na ƙara shekara, bai yi faɗa ba. Ya daɗe yana kallon garke, sannan ya ce, "To, bana wanne za mu kama?" Da ya zage ni da ya fi mini sauƙi.

Saboda haka ku saurare ni, ku masu cewa akwai Kawu, akwai Yaya, akwai Gwaggo. Kafin ka rubuta sunan jami'a a fom, tashi ka je. Ba yawon buɗe ido ba, kwana za ka yi a ainihin ɗakin da za a ba ka. Ka tashi da asuba ranar Litinin, ka kama hanya da kuɗin aljihunka har ƙofar makaranta, ka duba agogo, ka ƙirga abin da ka kashe. Ka ninka shi sau biyu, sannan sau biyar, sannan sau huɗu: kuɗin motarka na wata ke nan. Ka kai wa mahaifinka lissafin a rubuce. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023, wannan lissafin ya daina zama abin wasa. Mu na wajen Ringim a Yankaba mota ke sauke mu, sabon mazaunin Bayero kuwa yana can kan titin Gwarzo, sai ka keta Kano gaba ɗaya. Wanda danginsa ke Rijiyar Zaki ko Kabuga da wanda nasa ke Yankaba ko Hotoro duk "suna da gida a Kano," amma ba karatu ɗaya za su yi ba. Kuma abin da nake gaya wa kowa, ko da wasu na ganin rashin kunya ne: kada ka tsaya ga amsar maigida. Ka sa mahaifiyarka ta ji ta bakin matar gidan. Kawu shi ke cewa "ya zo mana," amma ba shi ke rabon tuwo ba.

Sai kuma kishiyar wannan, wadda ita ma ta kayar da yara a gabana: zaɓen mafi kusa don kawai tana kusa. Akwai wani ɗalibina, yaro mai kai, ya samu gurbi inda mota ɗaya ce daga gida. Kowa ya yi murna. Ran Juma'a yana gida. Asabar gona. Lahadi kasuwar Gujungu, shi ne mai riƙe wa babansa awo har magariba. Litinin ya tashi a gajiye, ya isa makaranta da hantsi. In an yi rasuwa a kira shi, in an yi suna a kira shi, in injin ban-ruwa ya lalace shi ne ɗan boko, shi zai duba. Lokacin yankan gero ya yi sati biyu bai leƙa aji ba. Babansa bai taɓa ɗaukar cewa yaron ya bar gida ba, kuma ba zan ga laifin dattijon ba, tunda kullum yana ganinsa. Iyaye, a nan da ku nake: yaron da kuka biya wa rajista ba ɗan aike ba ne kuma. In kuna son hannu a gona, ku faɗa tun farko, kada a yi asarar rago.

Ni ma'aunina, kuma nawa ne ba na wani littafi ba: ka zaɓi nisan da saƙon gero zai iso ka, amma aike ba zai iso ka ba. Inda direban garinku zai iya sauke maka ƙullin garin tuwo da man gyaɗa, amma ba inda za a ce "leƙo yanzu ka koma" ba. In kuwa ta kusan ce ta fi maka, to ka zauna a can kamar mai nisa, gida sau ɗaya a wata, kuma a yi wannan yarjejeniya a gaban Baba tun kafin ka ɗauki akwati.

Sauran ba sa buƙatar dogon zance. Bin aboki: shi ya samu, kai ba ka samu ba, ko ku samu tare ku ɓata a zangon farko. Hoton ƙofar jami'a a Facebook: ƙofa ba a kwana a cikinta, ka nemi ganin banɗaki da famfo. Rashin sanin inda sashenka yake: a Zariya mai karatun lauya Kongo zai zauna ba Samaru ba, asibitin koyarwarsu kuma yana Shika, a Kano akwai tsohon mazauni da sabo, masu likitanci kuma daga baya asibitin Malam Aminu Kano za su koma. Ka kama ɗaki kusa da inda ba nan ajinka yake ba, ka sayi wahala da kuɗinka. Sai mantawa da yankin da jami'a ke ɗiba: a jami'o'in tarayya kashi 45 na gurabe na cancanta ne, 35 na 'yan yankin, 20 na jihohin da aka bari a baya a boko, don haka ɗan Jigawa da makinsa bai taka kara ya karya ba, ya haye jami'ar da ke ƙasarsa ya tafi neman suna can nesa, shi ya so. Kuma yawancin jami'o'i wanda ya sa su a zaɓin farko suke dubawa. Jami'ar jiha takan sassauta wa ɗan jiha kuɗin makaranta, a tambaya. Bashin karatu na gwamnatin tarayya da aka fara a 2024 yana taimakawa, amma sunansa bashi.

Yajin aiki ma a sa shi a lissafi. A 2022 wata takwas malaman jami'a suka yi, daga Fabrairu zuwa Oktoba. Mai gidan haya bai san wannan ba, shekararsa na cika zai miƙo hannu. Wanda ke kusa ya kwashe kayansa ya dawo ya yi damina. Na nesa ya bar katifa da risho a ɗakin da kuɗinsa ke ƙonewa.

'Yan mata kuwa, maganar masauki ita ce gaba da komai, don a nan ake yanke hukunci a gida. Na ga yarinya mai maki mai kyau ta zauna, saboda an tashi neman ɗaki bayan an gama rabo, uban kuma ya ce ba za ta zauna a haya ba. A tambayi ɗakunan kwanan mata tun kafin cike fom: yaushe ake buɗe nema, akwai katanga da mai gadi, ƙarfe nawa ake rufe ƙofa, ina ruwa yake. Uba ya je ya gani da idonsa. Dattijon da ya ga wurin da kansa ya fi saurin cewa "Allah ya ba da sa'a" a kan wanda aka kawo wa labari.

Bana wani yaro ya zo mini da jami'o'i biyu a hannu, ya riga ya ƙulla ransa a kan ta birni. Na ce ba zan taɓa fom ɗinsa ba sai ya je ya kwana. Ya yi fushi, ya ce kuɗin mota fa? Na ce ya sayar da zakaransa. Bayan kwana uku ya dawo, ya zauna a kan tabarma bai ce komai ba, sai da na tambaye shi. Ya ce, "Malam, gidan Yaya ɗaki ɗaya ne, kuma har ruwan alwala saya suke." Ya zaro wata 'yar takarda da ya yi lissafin mota a bayanta, ya miƙo mini, ya ce in duba masa ko ya yi kuskure a ninkawar. Na duba sau biyu. Bai yi ba.