Kafin mai kula da kai ya fara aiki

'Yan uwa, assalamu alaikum. Shekara 6 ke nan ina kan keken guragu, kuma sai da masu taimaka min uku suka zo suka tafi kafin na gane kunya ce ke cutata. Ban taɓa zama da su mun yi magana dalla-dalla ba.

Yanzu tun ranar farko nake rubuta komai a takarda, kowa ya riƙe tasa: ƙarfe nawa zai zo, ranar hutunsa, ranar albashi. Ni da kaina nake nuna masa yadda zai ɗaga ni daga gado zuwa keke, ya lanƙwasa gwiwa kar ya sunkuya, don bayansa ma amana ne. Mai ciwon laka kuwa ya dage a riƙa juya shi duk bayan awa 2, a duba ƙugu da dunduniya kullum. Gyambon kwanciya shiru yake shigowa, warkewarsa sai an sha wuya.

Lambar sirrin katin banki, ko ɗan ɗakinku ne, kar ka ba shi.

Sannan ka tanadi mutum na biyu wanda ya riga ya iya aikin. Ranar da zazzaɓi ya kwantar da nawa, sai la'asar na samu wanda ya sauko da ni daga gado.