Yadda Ake Kiwon Yanyawar Sahara a Gida

Yanyawar Sahara ita ce mafi ƙanƙanta a dangin kare da dila, domin babbarta ba ta cika wuce kilo ɗaya da rabi ba, alhali kunnenta kaɗai yakan kai santimita 10 zuwa 15. Mazauninta rairayin hamada ne, daga Maroko har Masar, kuma mafi kusa da mu ana samun ta a arewacin Nijar, wajen Agadas da Tenere. Ta bambanta da yanyawar da manoman ƙasar Sakkwato suka saba gani, wadda ta fi ta jiki amma kunnenta bai kai nata ba.

Kafin mutum ya karɓe ta, ya kamata ya san yadda take rayuwa a daji, domin zaman gida ba ya sauya mata hali. Da rana tana kwance cikin ramin da ta haƙa, sai dare ya yi ta fito farauta. Da manyan kunnuwan nan take jin motsin ƙwaro ko ɓera a ƙarƙashin yashi, ta nan ne kuma jikinta yake fitar da zafi, gashin tafin ƙafarta kuwa shi yake kare ta daga ƙunar rairayi. Saboda haka mai kiwonta zai sha kuka da haƙe-haƙe a lokacin da mutanen gida suke barci. Gidan da ake kiwon kaji, zabbi ko tattabaru bai dace da ita ba sam, haka ma gidan da ƙananan yara suka yi yawa, domin tana da saurin firgita, kuma idan aka matsa mata cizo take yi. A ganina wannan ya fitar da yawancin gidajenmu daga lissafi.

Sai batun inda ta fito. Tana cikin jadawali na biyu na yarjejeniyar CITES, wato yarjejeniyar da ke tsara cinikin namun daji da tsirrai tsakanin ƙasashe, wadda Najeriya da Nijar suka sa wa hannu, don haka tsallako da ita iyaka ba tare da takardar izini ba laifi ne. Wadda aka tono daga raminta ba ta sabawa da mutum yadda ake so, kuma sayen ta ƙarfafa gwiwar masu tono ta ne.

Wurin ajiye ta shi ne babban aiki. A keɓe mata fili mai faɗi, a yi masa daɓen siminti ko a binne ragar ƙarfe a ƙasa, sannan a zuba yashi mai zurfi a kai don ta sami abin haƙa, in ba haka ba cikin dare ɗaya za ta ɓulle ta ƙarƙashin katanga. A rufe sama ma da raga, domin tana tsalle kuma tana hawa. Kada a ɗauka cewa tun da 'yar hamada ce zafin bazarar Sakkwato ba zai dame ta ba, saboda a can sanyin rami take shiga ta ɓuya. A yi mata inuwa da akurki mai duhu, a guji barin ta ƙarƙashin kwano tsirara. Lokacin hunturu a shimfiɗa mata ciyawa busasshiya, da damina kuma a tabbata ruwa ba ya kwanciya a wurin.

Abincinta a daji ƙwari ne da ɓeraye da ƙadangaru da ƙwan tsuntsaye, sai ɗan 'ya'yan itace da saiwoyi. A gida a riƙa ba ta nama da ƙwai da fara, amma ba soyayyar farar kasuwa mai gishiri da yaji ba, ba kuma wadda aka kama a gonar da aka yi wa feshi ba. Dabino ko kankana kaɗan sun isa. Ragowar tuwo da miya ba abincinta ba ne, musamman da yake miyarmu ba ta rabuwa da albasa, ita kuwa albasa da tafarnuwa suna lalata jinin dangin kare. Ko da yake tana iya daɗewa ba ta sha ruwa ba, a ajiye mata mai tsabta kullum.

Tun makon farko a kai ta wurin likitan dabbobi, misali asibitin koyarwa na dabbobi na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, a bar masa zaɓin rigakafin da za a yi mata, domin wasu alluran karnuka suna iya jawo mata cutar da ake gudu. Tana iya kamuwa da ciwon haukan kare, don haka idan ta ciji mutum a wanke wurin da sabulu da ruwa na minti 15, a tafi asibiti a ranar. A hannun mutane takan rayu har shekara 14, kuma wadda ta girma a gida ba ta iya ciyar da kanta idan aka gaji aka sake ta a daji.