Yadda Za Ku Reni 'Ya'yanku Tare Bayan Aure Ya Mutu

Abin da ya fi yi wa yaro illa bayan rabuwar iyayensa shi ne rigimar da ta ƙi ci ta ƙi cinyewa, musamman wadda ake yi a kansa ko a gabansa. Mavis Hetherington, masaniyar halayyar ɗan'adam a Amurka, ta bi diddigin iyalai kusan 1,400 har tsawon shekaru kusan 30, ta gano cewa kashi 75 zuwa 80 cikin ɗari na yaran da iyayensu suka rabu sun tashi ba tare da babbar matsala ba. Ke nan rabuwar ba ta yanke wa yaro hukunci, abin da kuka yi bayanta ne zai yi tasiri.

Kada ku ce ai yaro ne, bai san komai ba. A 2013 masu bincike a Jami'ar Oregon sun ɗauki hoton ƙwaƙwalwar jarirai 'yan wata 6 zuwa 12 suna barci, suka ga cewa ƙwaƙwalwar jariran gidajen da ake yawan faɗa ta fi motsuwa da jin muryar fushi. Ɗan shekara 3 zuwa 5 yakan koma fitsarin kwance, ya kuma ɗauka rashin jinsa ne ya raba ku, don haka a riƙa gaya masa ƙarara: "Ba laifinka ba ne." Ɗan firamare yakan yi ta kukan ciwon ciki ko karatunsa ya ja baya. Matashi kuwa ko ya ɗauki ɓangare, ko ya zama mai rarrashin babba.

Fara da rubutacciyar yarjejeniya, domin alkawarin baki shi ke haifar da "ba haka muka yi da kai ba". A rubuta ranakun da yaro zai kwana a kowane gida, da ƙarfe nawa, wa zai kai, wa zai ɗauko, yadda za a raba hutu, wa ke biyan kuɗin makaranta da na magani, da ranar biya. Ƙaramin yaro ba ya jure doguwar rabuwa, shi ya sa masu zama kusa da juna kan bi tsarin 2-2-3: kwana biyu nan, biyu can, uku nan, mako mai zuwa a juya. Wanda ya girma zai iya mako-mako. In akwai nisa, a sa lokacin kiran waya tsayayye, kuma kada a tsaya masa a ka yana magana.

Lokacin miƙa yaro ne aka fi samun tashin hankali. Kada ya wuce minti biyar: gaisuwa, jaka, bayanin magani, sai an jima. Idan ba kwa ga maciji da juna, ɗaya ya kai shi makaranta da safe, ɗayan ya ɗauko shi bayan an tashi.

Babban kuskuren da iyaye masu ƙaunar 'ya'yansu ke yi ba su sani ba shi ne mayar da yaro ɗan aike. "Je ka gaya wa babanka kuɗi sun ƙare." "Wa ke zuwa wajen mamarki?" Irin wannan yana jefa yaro tsaka mai wuya: in ya faɗa ya ci amanar ɗaya, in ya yi shiru ya ɓata wa ɗayan. Da haka yake koyon ɓoye-ɓoye. Zagin tsohon miji ko tsohuwar mata a kunnen yaro ma zaginsa ne, tunda jininsu ne duka. A ja kunnen kakanni da sauran dangi, don sau da yawa su ke rura wutar.

Ku yi magana kai tsaye ta saƙon waya, gajere, a kan yaro kaɗai. Saƙon da ya ɓata maka rai, in ba gaggawa, bar shi ya kwana kafin ka amsa. Kada a hana ganin yaro don an makara da kuɗi, kada a hana kuɗi don an hana gani.

Inda akwai duka, barazana ko cin zarafin yaro, waɗannan matakan ba su isa ba. A nan tsaro ne kan gaba: a kai maganar kotu ko hukumar kula da walwalar yara, ziyara ta kasance a gaban wani amintaccen mutum.