Yadda Ake Zaɓen Kare da Riƙonsa a Kumasi: na Gadi, na Kiwo da na Farauta

A 'yan shekarun nan matasanmu na Aboabo, Asawase, Sawaba da Tafo sun kamu da sha'awar manyan karnukan ƙasashen waje, suna ganin hotunansu a Facebook da TikTok, wasu har suna tara kuɗin sayen kwikwiyo tun kafin su san inda zai kwana. Duk wanda ya zo mini da wannan magana, abin da nake fara tambayarsa shi ne aikin da karen zai yi, domin aikin ne ke nuna irin da ya dace, da girman filin da ake buƙata, da kuɗin da za a riƙa kashewa kowane wata har tsawon shekara 10 ko fiye.

Wannan tambaya tana da tushe a addini. Hadisi ingantacce ya nuna cewa wanda ya ajiye kare ba don farauta ko kiwo ko tsaron gona ba, ana rage masa lada kowace rana. Malamai da yawa sun yi ƙiyasin gadin gida a kan waɗannan ukun idan akwai buƙata ta gaskiya, kuma an ruwaito cewa Ibn Abi Zaid al-Ƙairawani, mai littafin Risala da ake karantawa a zaurukanmu, ya ajiye kare lokacin da katangar gidansa ta faɗi, da aka tuna masa cewa Imam Malik ya ƙi hakan sai ya ce da Malik ya riski zamaninsu da zaki zai ajiye. A mazhabar Malikiyya kare mai rai ba najasa ba ne, amma ana wanke ƙwaryar da ya yi lallagi a ciki sau 7 don bin umarni. Saboda haka ka ware masa kwanonsa, ka nisanta shi da wurin salla da randar ruwan alwala, ka yi masa makwanci a tsakar gida ba a ɗaki ba.

Daga nan sai ka dubi inda kake zaune. Yawancin gidajen zango gidajen haya ne masu tsakar gida ɗaya, inda iyalai da dama ke girki da wanki, yara kuma ke wasa tun safe har dare. Ban ga dalilin da zai sa mutum ya kawo kare mai kilo 60 cikin irin wannan gida ba, ko da mai gidan ya yarda, domin ƙarshensa ɗaure shi za a yi da gajeriyar sarƙa a bayan banɗaki, shi yana cutuwa, maƙwabta kuma suna zaune cikin fargaba. Wanda ya gina gidan kansa mai katanga a gefen gari, kamar wajen Asokore Mampong ko Kenyasi, ko mai garejin motoci da shagon ajiyar kaya, shi ne ke da wurin babban kare. Katangar ta zama ba ta da ɓula, ƙofar kuma tana kulluwa da kyau, a kuma sanar da maƙwabta tun kafin a kawo shi.

Karen da na fi ba mutane shawara a kai shi ne wanda suka fi rainawa, wato karenmu na gida, ɗan madaidaici mai gajeren gashi da tsayayyun kunnuwa. Jikinsa ya saba da zafi da laimar Asante, yana jure kaska fiye da baƙin iri, cinsa kaɗan ne, kuma kunnensa ba ya barin motsi ya wuce. Yawancin abin da ake nema wajen karen gadi shi ne ya yi haushi ya ta da masu gida, kuma wannan aiki karen gida yana yin sa sarai idan ya ƙoshi kuma an horar da shi. Abin da ya sa ake ganinsa a wulaƙance shi ne an bar shi yana yawon bola, babu rigakafi babu mai kula.

Cikin baƙin iri, wanda ake kira Alsatian, wato karen makiyayan Jamus da aka fara rajistar irinsa a 1899, ya fi sauƙin koyo, shi ya sa 'yan sanda da sojoji a ƙasashe da yawa ke aiki da shi. Sai dai yana son motsa jiki kullum, yana zubar da gashi, kuma ciwon ƙugu na gado ya yi yawa a irinsa, don haka ka lura da tafiyar iyayensa kafin ka saya. Boerboel daga Afirka ta Kudu ya fito, manoma ne suka raya shi don tsaron gidajen gona, gashinsa gajere ne kuma zafinmu bai cika damunsa ba, amma namijinsa yakan wuce kilo 60, kuma wanda bai taɓa riƙon kare ba bai kamata ya fara da shi ba. Haka Rottweiler, wanda sunansa ya samo asali daga garin Rottweil na Jamus, inda yake kora shanu yana tsaron mahauta. Shi kuwa karen duwatsun Kokeshiya mai tarin gashi, da Husky na ƙasar ƙanƙara, ina ganin zalunci ne a ajiye su a Kumasi ba tare da ɗaki mai sanyi ba, domin kare ba ya gumi kamar mutum, ta haki yake fitar da zafi, kuma zafin watan Fabrairu da Maris na iya kashe shi cikin sa'o'i kaɗan. Ƙananan karnuka masu dogon gashi da ake ajiyewa don ado ba sa cikin ayyukan da aka ambata a sama, kuma wahalar aski da wankansu ta fi yadda ake zato.

Mai shanu ko tumaki a wajen Ejura ba ya buƙatar ɗaya daga cikin waɗannan. Karen da ya tashi cikin garke tun yana kwikwiyo, yana kwana da dabbobi yana jin warinsu, shi ke ɗaukar su a matsayin danginsa. Buzaye a Mali da Nijar da Burkina Faso suna da Azawak, dogo siriri mai gudu, wanda ke tsaron zango ya kuma kamo zomo da barewa.

Wajen saye ake yawan cutuwa. Kada ka karɓi kwikwiyon da bai kai mako 8 ba, domin a wannan lokaci ne yake koyon zama da 'yan'uwansa da sanin ƙarfin cizonsa. Ka je gidan da aka haife shi, ka ga uwar da idonka, ka lura ko tana da firgita ko yawan faɗa, domin 'ya'yan sukan ɗauko halinta. Idonsa ya zama garau, dasashinsa ja-ja ba fari ba, cikinsa ba a kumbure ba, gindinsa babu alamar gudawa. Ni kaina na taɓa sayen kwikwiyo a hannun wani mai talla a bakin titi, ya ba ni kati mai nuna an yi masa allura, bayan kwana 5 ya fara amai da gudawar jini, likita ya ce cutar fabo ce, kuma bai kai mako ba ya mutu. Tun daga ranar nake duba ko katin yana ɗauke da hatimi da sa hannun likitan dabbobi da takardar kwalbar allurar a manne.

Tsarin rigakafin ba shi da wuya. Ana fara allurar da ta haɗa fabo da sauran cututtukan kwikwiyo tsakanin mako 6 zuwa 8, a maimaita bayan kowane mako 3 ko 4 har ya kai kusan mako 16, kuma kafin a kammala kada a bar shi ya taka titi ko ya cuɗanya da baƙin karnuka. Allurar ciwon haukan kare ana yin ta idan ya cika wata 3, sannan a sabunta kowace shekara. Maganin tsutsar ciki ana ba ƙarami duk mako 2 har ya kai wata 3, babba kuma duk wata 3. Asibitin dabbobi na gwamnati da ke Amakom yana wannan aiki, jami'ar KNUST ma tana da makarantar likitancin dabbobi. Kaska ita ce babbar abokiyar gaba a nan, musamman da damina, domin tana sa zazzaɓin da ke shanye jinin kare, saboda haka ka riƙa duba cikin kunnuwa da tsakanin yatsu, ka kuma feshe makwancin da maganin da likita ya rubuta. Kada ka shafa masa baƙin mai don ƙazuwa, kada ka yi masa wanka da maganin feshin gona, kada kuma ka ba shi farasitamol ko maganin ciwon jikin mutane, duk suna iya kashe shi. Idan ba ka da niyyar kiwon 'ya'ya, ka kai a yi wa namiji fiɗiya, macen kuma a cire mata mahaifa, domin karya takan nemi barbara kusan sau 2 a shekara, cikinta kwana 63 ne, kuma kwiyakwiyan da aka rasa mai karɓa su ne ke cika kwatocinmu.

Abinci kuwa, tuwo ko banku ko shinkafa kaɗai ba sa riƙe kare. A haɗa masa da nama ko kayan ciki daga mayankar Kaase, ko kifi da ƙwai, a dafa ba barkono ba gishiri mai yawa. Albasa da tafarnuwa suna lalata jininsa, wanda ke nufin ragowar miyarmu ba ta dace da shi ba, haka cakulan da inabi. Dafaffen ƙashin kaza yana tsagewa ya huda hanji. Kwikwiyo na ci sau 3 ko 4 a rana, babba sau 2, ruwa mai tsabta kuma kada ya yanke a inuwa.

Horo tun yana ƙarami ake farawa, icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Ka zaɓi kalmomi kaɗan, kamar zo, zauna, bari, kwanta, kowa a gidan ya riƙa amfani da su iri ɗaya, kuma da Hausa ma yana ji sarai, ba sai da Turanci ba. Minti 10 sau 2 a rana ya isa, duk lokacin da ya yi daidai a ba shi ɗan yankin nama nan take. Akwai masu kulle kare a duhu, su hana shi ganin mutane, su ba shi barkono ko ƙwaya wai don ya yi zafi. Irin wannan kare tsoro ne ke cika shi, kuma wanda yake fara ciza yawanci yaron gida ne ko almajiri ko mai kawo ruwa. Karen gadi na ƙwarai ya san mutanen gida da baƙin rana, yana dawowa da zarar an kira shi. Idan za a fita da shi, a sa masa igiya, babba kuma a ƙara da takunkumi, a zaɓi sassafe ko bayan la'asar.

Karen farauta yana da nasa tsari. Maharba suna fara fita da shi yana ɗan wata 6 zuwa 8 a bayan tsohon kare gwani, ya koyi bin sawu da shinshina ramin gafiya da tayar da zomo, kafin a bar shi ya yi aiki shi kaɗai. Abu mafi wuyar koyarwa shi ne ya kama ya riƙe ba tare da ya ci ba, ya kuma saki idan an ce ya saki. Aya ta 4 a Suratul Ma'ida ta halatta abin da horarrun dabbobin farauta suka kamo, da sharaɗin a ambaci sunan Allah. Malamai sun bayyana cewa mafarauci ne zai sake shi da niyya da bisimilla, idan ya tarar da dabbar da sauran rai dole ya yanka, idan kuma wani karen da ba shi ya aika ba ya shiga cikin kamun, to a bar naman. Game da wanda karen ya ci wani abu daga jikinsa akwai saɓani tsakanin mazhabobi, sai mutum ya koma ga malaminsa. Ta fuskar doka, Gana tana rufe farauta daga 1 ga Agusta zuwa 1 ga Disamba kowace shekara don dabbobi su hayayyafa, ana buƙatar lasisi daga sashen namun daji na hukumar gandun daji, kuma wurare irin su Owabi da Bomfobiri da Mole an haramta farauta a cikinsu gaba ɗaya. Bayan kowace fita ka duba tafin ƙafarsa don ƙaya, ka cire kaska, kuma idan ya fara rama da zazzaɓi da farin ido bayan shiga dajin da ke da ƙudan tsando, ka gaggauta kai shi a duba jininsa saboda sammore.

Saura maganar cizo, wadda kowane mai kare da maƙwabcinsa ya kamata su haddace. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa ciwon haukan kare na kashe kimanin mutum 59,000 a shekara, galibi a Afirka da Asiya, kusan duka ta hanyar cizon kare, kuma da zarar alamun sun bayyana a jikin mutum da wuya ƙwarai ya tashi. Idan kare ya ciji wani ko ya yakushe shi, a wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudana na tsawon minti 15, kada a tsaya shafa gashin karen ko toka ko wani haɗin gida, a wuce asibiti a ranar, ko Manhyia ko Komfo Anokye ko wanda ya fi kusa, domin a fara allura. Karen kuma kada a kashe shi a jefar, a tsare shi kwana 10 ƙarƙashin kulawar likitan dabbobi, mai shi ya fito da katin rigakafi ya kuma ɗauki nauyin maganin wanda aka ciza.