Yadda Ake Gano Ƙaurin Sitiyarin Mota da Magance Shi

Idan kana cikin cunkoson PZ ko Kwangila a Zariya da rana tsaka, kana ta murza sitiyari hagu da dama, sai ƙauri ya bugi hancinka, kada ka ce bari sai an kai gida. Ka samu gefen titi ka tsaya, ka kashe mota. In ka ga hayaƙi na fitowa sosai ta ƙasan bonet, kada ka buɗe, domin iska na ƙara wa wuta ƙarfi. Fitar da kowa, ka ɗauko abin kashe gobara. In babu hayaƙi, ba injin kamar minti 20 ya huce.

Aikin farko na hanci ne. Ƙaurin mai dabam, na roba dabam, na waya dabam, kuma kowanne yana nuna inda za ka duba.

Ƙaurin mai shi ya fi yawa. Nemi ɗan gwangwanin man sitiyari, ka duba ko man yana tsakanin alamar MIN da MAX. Ɗiga kaɗan a kan farar takarda. Mai lafiyayye ja ne, ko ruwan zuma mai haske a wasu motocin. In ya yi baƙi yana ƙauri, ya dahu ke nan. In kuma kumfa ka gani, iska ta shiga. Mai idan ya yi ƙasa, famfon da ke tura man sitiyari yakan ja iska, ya yi zafi, ya riƙa gurnani duk sanda ka murza.

A nan ne yawancinmu muke cutar kanmu. Sai a sayi kwalbar mai a ƙara, a ci gaba da tafiya, bayan mako guda a sake ƙarawa. Man sitiyari ba fetur ba ne, mota ba ta ƙona shi. In ya ragu, to akwai inda yake yoyo, kuma wurin da yake ɗiga shi ne abin tsoro. Tiyon da ke ɗauke da mai daga famfo zuwa rak, wato ƙarfen da ke karkata tayoyin gaba idan ka murza sitiyari, yakan bi kusa da salansa a motoci da yawa, ga zafin injin, ga na watan Maris da Afrilu, sai robar ta bushe ta tsage. A shekarar 2012 kamfanin Honda ya nemi a mayar masa da Accord masu injin V6 ƙirar 2003 zuwa 2007 a Amurka domin gyara wannan matsala: tiyo ya lalace, mai ya ɗiga kan abu mai zafi, a samu hayaƙi, wani lokaci har da wuta. Irin waɗannan motocin kuwa ga su nan birjik a titunanmu.

Don gano yoyon, goge tiyoyin da jikin famfon da tsumma har su bushe. Ƙurar hunturu ma tana taimakawa, domin duk inda mai ya jiƙa za ka ga ta manne ta yi baƙin dabbare. Shimfiɗa kwali a ƙasan mota. Sa wani ya tayar, ya murza sitiyarin a hankali, kai kuma ka haska da tocila, amma ka tattare hannun rigarka, ka nisanci bel da fanka. Duba mahaɗar tiyoyi, bayan fulin famfo, da robobin nan masu lanƙwasa da ke bakin rak ta ɓangarorin biyu. In ka matsa robar ka ji mai a ciki, sil ɗin rak, wato robar da ke hana mai yoyo, ya tafi, wannan sai gareji.

Tiyon da ke mayar da mai gwangwani ba ya ɗauke da matsi sosai, wani lokaci ɗaure kilif kawai ya isa. Amma babban tiyon matsi, sauya shi ake yi. Duk wanda ya ce zai naɗe maka shi da robar tayar keke, ka gode masa ka wuce gaba.

Ƙaurin roba kuwa, musamman in yana tare da ƙara mai tsini lokacin da aka tayar da mota ko aka murza sitiyari har ƙarshe, bel ne ke sulɓewa. Da injin a kashe, duba ko ya tsattsage, ko ya yi sheƙi, ko mai ya jiƙa shi. Kafin a saka sabo, a juya fulin famfon da hannu. In ya cije, sabon bel ɗin ma ƙonewa zai yi.

Na ukun shi ne ƙaurin waya. Motoci irin su Corolla ƙirar 2009 zuwa sama sitiyarinsu na lantarki ne, ba su da mai ko kaɗan. In ƙaurin daga ƙasan sitiyari yake fitowa cikin mota, cire kan batir na nagatif, ka kira ƙwararren rewaya. Kada ka yarda a maye gurbin fis da ya ƙone da guntuwar waya.

Bayan an toshe yoyon, a zuƙe tsohon man, a zuba wanda aka rubuta a murfin gwangwanin ko littafin motar. Toyota da yawa man giya mai suna ATF Dexron suke sha, Honda kuwa nata man dabam ne, in aka zuba mata wani yakan lalata sil. Sannan a ɗaga gaban motar da jak, a murza sitiyari ƙarshe zuwa ƙarshe sau 15 zuwa 20 injin na kashe, ana ƙara mai har kumfa ta daina tasowa. Sai a tayar a maimaita. A wanke man da ya zuba kan salansa, in ba haka ba ƙaurin zai ci gaba, ka kasa sanin ko gyaran ya yi.

Wajen juya mota a lungunan cikin birni ko na Tudun Wada, kada ka danne sitiyari a ƙarshe fiye da daƙiƙa 5, domin a nan man ya fi yin zafi. Cikin makon farko, duba gwangwanin da kwalin ƙasan mota kowace safiya kafin ka tayar.