Yadda Ake Sassaƙa Tsuntsun Hamingbad da Katako

Ɗan tsuntsun nan mai shan ruwan fure ƙarami ne ƙwarai, don haka nemi katako mai laushi, marar gaɓa. Sassaƙa jiki daban, fukafukai daban, jijiyar katakon ta bi tsawon fiffike, in ba haka ba zai tsage.

Baki ne wurin ɓarna. Na katako karyewa yake yi; huda rami ka dasa wayar tagulla mai santimita 2, ka sa gam. Goge da samfefa lamba 220, sannan 400, ka zana layin gashi da ƙarfe mai zafi.

Fenti kuwa a tsinke, shafi huɗu ko biyar, kowanne ya bushe tukuna. Mai kauri cike layukan yake yi. A maƙogwaro fara da baƙi, sannan ɗora jan fenti mai ƙyalli, ɗigo-ɗigo.